Ajiyar Manya a Jirgin Kano

Alhaji Datti ya shekara talatin da huɗu yana dillancin banda a kasuwar kifi ta Kado da ke Abuja, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda zai ce ya taɓa ganinsa cikin turmutsutsu. Idan motar kifi ta iso daga Yawuri, ƙananan 'yan kasuwa su yi mata caa, wannan ya ja kwali, wancan ya taka ƙafar wani, ana zage-zage. Shi kuwa yana kan bencinsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jan carbi. Sai hayaniya ta lafa mai kaya zai lallaɓo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, naka na bayan mota." Kwali uku ko huɗu, waɗanda suka fi kyau, an lulluɓe su da buhu tun daga hanya. Ajiyar manya ke nan. Kowace mota tana da ita, kowane mai kaya ya san da ita, kuma duk wanda ya shiga layi ya shaida wa jama'a da ƙafarsa cewa ba ya cikin waɗanda ake yi wa ita. Da wannan ilimin Alhaji Datti yake shiga asibiti, da shi yake shiga banki, da shi yake shiga ofishin 'yan sanda, kuma Allah cikin ikonsa ya bar shi yana cin nasara har ya kai shekara saba'in da ɗaya.

Ranar Juma'ar da muke magana a kanta, ƙarfe biyu bayan an sauko daga masallaci, za a ɗaura auren Mashkura a Gwammaja, cikin Kano. 'Yar marigayi yayan Alhaji Datti ce, ita ce auta, ta gama karatun jinya, ta kawo wanda take so, aka bincika aka yarda. Shi ne waliyyi. Kuma ba don shi ne babba a gidan yanzu kaɗai ba. Kwana biyu kafin yayan ya cika, ya riƙe hannunsa a gadon asibiti ya ce, "Datti, yarinyar nan kai za ka bayar da ita da bakinka." Ya ce ya ɗauka. Shekara tara ke nan yana ɗauke da maganar, yana jiran ranar da zai sauke ta.

Suna da ƙane a Kano, tela ne, kowa Ɗangoggo yake ce masa. Shekararsa sittin da biyu, yana da jikoki, amma a idon Alhaji Datti har yau shi ne yaron nan da ake aike ya tsaya kallon dambe. Ranar Laraba ya bugo waya.

"Yaya, ka taho gobe ta mota mana, ka kwana a gida hankali kwance."

"Gobe motar Yawuri za ta shigo. Ni ba irinka ba ne da sai an ba shi kwana biyu na rara. Jirgin ƙarfe bakwai zan hau, takwas ina Kano, kai ko hularka ba ka gama nema ba."

"To in wani abu ya gifta fa?"

"Ko me ya gifta ba kai za ka zauna a wurina ba. Kwantar da hankalinka."

Ɗangoggo ya yi dariya ya ce Allah ya kawo shi lafiya.

Ranar Juma'ar da sassafe Alhaji Datti ya isa filin jirgi cikin farar shaddar da aka ɗinka domin wannan rana, da hula zanna, turare na tashi. A cikin jirgi aka haɗa shi kujera da wata Hajiya Lantana, mai shagon atamfa a Nyanya, za ta Kantin Kwari saro kaya. Daga gaisuwa ya ji harshenta.

"Hajiya, ba dai Bazazzagiya ba?"

"Ta Tudun Wada ma kuwa. Kai kuma ba sai an tambaya ba, Bakano ne, tun da ka cika kujerarka ka ci rabin tawa da babbar riga."

"Allah mai iko. Yanzu har Zagezagi ake bari su hau jirgi?"

"Mu muke koya muku ɗaura bel ɗin. Juya shi, Alhaji, a baibai ka riƙe."

A baibai ya riƙe ɗin kuwa. Ya gyara, ya ce mata ɗaurin aure za shi, bai ƙara komai a kai ba. Da jirgin ya fara gudu ya ga leɓenta na motsi, sai ya sunkuyo ya ce mata mai tawakkali ba ya rawar jiki, shi hawansa na shida ke nan har da na Makka.

Jirgi ya ɗaga, rufin gidaje suka fara ƙanƙancewa a ƙasa. Ba a yi minti biyu ba sai aka ji dam! ta ɓangaren dama, kamar an jefo buhun masara kan kwanon rufi. Jirgin ya girgiza, wani ƙauri ya shigo irin na kazar da ake babbakewa. Salati ya kaure ko'ina. A cikin salatin nan murya ɗaya ta fi ta kowa, kuma ba a salati kaɗai ta tsaya ba, sai da ta kira Inna, mahaifiyar Alhaji Datti, wadda ta shekara arba'in a ƙasa. Hular zanna ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kujera.

Matuƙi ya yi magana da Turanci, wata ma'aikaciya ta bi sahu-sahu tana faɗa wa waɗanda ba su ji ba: tsuntsu ne ya faɗa injin dama, za a koma Abuja, kowa ya natsu. Aka yi shawagi, aka sauka lafiya, motocin kashe gobara suna biye. Sai da jirgin ya tsaya cak Hajiya Lantana ta sunkuya ta zaro hular, ta kaɗe, ta miƙa masa.

"Ga hular mai tawakkali. Inna ta ce a gaishe ka."

"Addu'a nake yi mata," in ji shi.

Aka kwaso su aka dawo da su zauren fasinja, mutum ya fi ɗari, duk suka yi wa kantar kamfanin caa. A bayan kantar wata gajeriyar mata ce, ba za ta wuce talatin da biyar ba, da ƙaramin mayafi da wayar oba-oba a hannu, an maƙala mata suna a ƙirji: Rekiya. Ta ɗaga murya ta yi da Turanci, ta sake da Hausarta ta 'yan Abuja. Wannan jirgin ba zai sake tashi ba sai injiniyoyi sun gama da shi. Wanda yake son kuɗinsa za a mayar masa. Wanda yake son tafiya, akwai jirgin ƙarfe sha ɗaya, kujera ashirin da shida suka rage a ciki. Sauran sai na ƙarfe biyar na yamma. A yi layi.

Hajiya Lantana ta ci ɗamara da mayafinta ta kutsa. "Alhaji, taho!"

Alhaji Datti ya yi murmushi kawai. Ai ya san wannan wuri, motar Yawuri ce ta iso. Ashirin da shida na 'yan turmutsutsu ne, su ake shelantawa. Waɗanda ke ƙarƙashin buhu ba a faɗarsu da lasifika. Ya ba su 'yan mintuna, sannan ya zagaya ta gefen kantar ya yi gyaran murya.

"Yarinya, sannu da aiki. Ina mai jirgin?"

Rekiya ta ɗago, ta ga furfura, ta miƙo hannu. "Baba, sannu, kun tsorata. Kawo tikitinka in sa sunanka yanzu, ba sai ka tsaya layi ba."

Ga hannu a miƙe, tafin a buɗe, tsakaninsa da aljihun Alhaji Datti bai fi kamu biyu ba. Ya dubi hannun. Shi da bai taɓa danƙa maganarsa ga yaron mota ba, yau a gaban mutum ɗari zai danƙa ta ga yarinyar kanta? Da ya ba ta, sunansa ya faɗa takardar gama-gari ke nan, mai jirgin in ya zo ya duba ya ga ashe ba kowa ba ne. Ya sa hannu a aljihu ya ƙara tura tikitin ciki.

"Ba da ke zan yi ba, 'yata. Kira mini babbanku."

"Baba, ni zan yi maka. Kujera yana ƙarewa fa."

"Na sani, na sani. Ke dai ki ce masa Alhaji Datti na Kado yana zaune can."

Ta buɗe baki za ta sake magana, sai wani saurayi mai kwat ya buga kantar yana ihun haƙƙinsu, yana cewa sai an biya su diyyar ɓata musu lokaci. Alhaji Datti ya juyo gare shi a hankali.

"Kai ɗan nan. Allah ya zaro ka daga bakin mutuwa ko rabin awa ba a yi ba, kana neman diyya? Tsuntsun za ka kai ƙara, ko iyayensa?"

Layin ya fashe da dariya. Alhaji Datti ya taka zuwa kujerun ƙarfe da ke jikin bango yana jin daɗin kansa, ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Don kada ya bar ƙofa ɗaya a rufe, ya zaro waya ya kira Badaruddeen, mataimakin darakta a wata ma'aikatar tarayya, wanda duk Sallah sai kwalin banda ya isa gidansa. Sashen kiwon kifi yake. Amma a wurin Alhaji Datti gwamnati gida ɗaya ce mai ɗakuna da yawa, in ka san mutum a ɗaki ɗaya ka san gidan.

"Baba, ai mu ruwa muke, su kuma sama suke," in ji Badaruddeen. "Amma bari in taɓa wani abokina."

"Taɓa shi da kyau."

Wajen ƙarfe tara Hajiya Lantana ta dawo, gumi sharkaf, ɗankwali ya karkace, tana fifita da sabon katin shiga jirgi. Ta zube a kujerar kusa da shi.

"Ni ce ta goma sha tara. Saura bakwai, Alhaji. Kawo tikitin in kai maka, matar nan tana da kirki."

"Ranar da Bazazzagiya za ta tsaya wa Bakano layi ba ta zo ba tukuna."

"To tashi ka tsaya wa kanka."

"Ni tawa kujerar daban take."

"Wacce?"

"Ba a faɗa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Alhaji, sau uku irin wannan tana samuna, sau ɗaya ruwan sama, sau biyu lalacewar jirgi. Wannan ba alfarma ba ce da za ka ji kunyarta, haƙƙinka ne, tun ranar da ka yanki tikiti ya zama naka. Ko su mayar maka da kuɗinka, ko su sa ka a wani jirgin. Amma sai ka buɗe baki ka zaɓa. In ka yi shiru, kwamfutar nan ba ta ganin babbar riga."

"Kwamfuta ai tana da mai ita."

"Allah ya kawo shi. Ɗaurin aure dai ko babu kai ana yi, goro ne kawai zai wuce ka."

Nan ne ya kamata ya ce mata wannan ba a yinsa in babu shi. Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Amma dattijo ba ya baje bukatarsa a gaban abokiyar wasa, balle ga kujera tana jiransa a ƙarƙashin buhu. Ya haɗiye.

Da aka cika awa biyu ma'aikata suka turo keken kaya suna raba ruwa da lemo da ɗan burodi mai nama a ciki. Da suka zo kansa ya ɗaga hannu ya ce shi ba sadaka ya zo karɓa ba. Hajiya Lantana ta ce wannan ma doka ce ta sa su, in an zaunar da mutum haka dole a jiƙa masa maƙoshi, ta karɓi nasa ta haɗa da nata ta cinye a gabansa. Shi kuwa tun shayin asuba.

Ɗangoggo ya bugo. "Yaya, ka sauka? In zo in ɗauke ka?"

"An ɗan samu tsaiko. Ana gyara mini kujera a na sha ɗaya."

"Lafiya dai?"

"Ka je ka ga an shimfiɗa tabarmi. Wannan ba naka ba ne."

Daga nan ya kafa wa ƙofar ofishin da ke bayan kantar ido. Ya riga ya zana mutumin a ransa: mai tumbi, mai kwat, da makullai a hannu, zai fito ya waiga, a nuna masa, ya taho yana murza hannu. Duk wanda ya gifta da laƙtaye sai Alhaji Datti ya gyara zama ya daidaita hula. Can sai ga wani ya nufo shi kai tsaye, har ya rusuna. Alhaji Datti ya fara shirya gaisuwa. Mutumin ya ce don Allah Baba ya ɗan janye ƙafa, zai sa cajin waya a bango.

Ƙarfe goma da kwata aka kira masu jirgin sha ɗaya. Hajiya Lantana ta miƙe ta saɓa jaka.

"To, Bakano, sai mun haɗu, in manyan sun tuna da kai."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta da ƙarfi. Zauren ya fara raguwa. Masu karɓar kuɗinsu sun cike takarda sun tafi, masu jiran na yamma sun miƙe ƙafa suna gyangyaɗi. Ya duba agogo, ya sake dubawa. Carbin ya tsaya a hannunsa.

Goma da minti arba'in wayar ta yi ƙara. Badaruddeen ne.

"Baba, ka yi haƙuri, ashe abokin nawa ya yi ritaya bara, yana Keffi yana kiwon kaji. Amma ya ce abu ne mai sauƙi, ka nemi manajan da ke kan aiki ka ba shi tikitinka."

Alhaji Datti bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya tare wani mai gadi mai baƙaƙen kaya.

"Ɗan nan, ina ofishin manajan kamfanin nan?"

Mai gadin ya nuna da haɓa. "Ga ta can a kanta. Madam Rekiya."

"Ba yarinyar ba. Babbansu."

"Ita ce oga, Baba. Duk waɗannan a ƙarƙashinta suke."

Tafiyar daga nan zuwa kantar ba ta fi taku ashirin ba. Babu layi yanzu. Ya zaro tikitin, wanda ya jiƙe da gumi ya lanƙwashe, ya ajiye da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe," ya ji bakinsa ya faɗa.

Ta dubi tikitin, ta dube shi. "Baba, na sha ɗaya ya cika tun tara da rabi."

Ya sunkuyo, ya rage murya. "Na san na jama'a ya ƙare. Na ajiyar nake nufi."

"Wane ajiya?"

"Wanda kuke ɓoyewa. Na manyan baƙi. Ko ɗaya ce ma ta isa."

Ba ta yi dariya ba, wannan ya daɗe yana gode mata a kai. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ga hoton cikin jirgi, kujeru sahu-sahu, kowacce ta yi ja.

"Kowace ja mutum ne, Baba. Ko babana ya zo yanzu, abin da zan nuna masa ke nan."

Sai a lokacin ya faɗa. Ya faɗi yayansa, da gadon asibiti, da hannun da aka riƙe, da shekara tara, da ƙarfe biyu a Gwammaja. Duk abin da ya hana Hajiya Lantana ji, ya zube shi a kan kanta a gaban wadda ya kira yarinya. Kafin ya rufe baki ta ɗaga oba-oba tana magana da sauri, tana tambaya ko akwai wanda bai shiga ba, ko akwai mai yarda ya sauka ya jira na yamma. Abin ya yi ƙara, wata murya ta amsa gajeriyar amsa. Ta sauke hannu. Ta tagar gilashi da ke bayanta yana iya ganin jirgin, an janye matakala, wata ƙaramar mota tana tura shi baya.

"An rufe ƙofa. Baba, da ka gaya mini tun ɗazu. Ba ma sai ka gaya mini ba, hannu na miƙa maka."

"Kin miƙa," ya ce.

Ta yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda ta yi wa kowa tun safe. Zaɓi nasa ne: a mayar masa da kuɗinsa, ko a sa shi a na ƙarfe biyar ba tare da ya ƙara komai ba. Diyya kam babu, don tsuntsu ba sakacin kamfani ba ne. In kuma yana ganin an zalunce shi, ga teburin hukuma can na karɓar koken fasinja, ta nuna masa, ya je ya cike takarda za a bi masa. Ya juya ya dubi teburin. Wani ma'aikaci na zaune da biro a hannu. Ya yi tunanin wurin da ake rubuta sunan wanda ake ƙara, da sunan da gaskiya za ta sa ya rubuta a wurin. Ya yi lissafin tashar mota ta Jabi kuma: kafin ya isa, kafin mota ta cika, ga awa shida ko bakwai a hanya, sai dai ya tarar ana naɗe tabarmi.

"Rubuta ni a na biyar," ya ce.

Ya fita waje ya samu inuwa, ya daɗe yana kallon wayar kafin ya danna. Ya gaya wa Ɗangoggo labarin tsuntsu, ya gaya masa jirgin sha ɗaya ya tashi babu shi. Ya tsaya yana jiran dariya. Da ma ita ya samu, da ya san yadda zai yi da ita.

"Yaya, jikinka ƙalau dai? Ba ka bugu ba?"

"Ƙalau nake."

"Alhamdu lillahi. To ai shi ke nan, sai a ɗaga. Bari in samu liman in ce a bari sai bayan Magariba, ko gobe da safe. Dangin ango sun taso daga Gumel mota huɗu, amma sai su yi haƙuri. Kai marigayi ya ce."

Wallahi Alhaji Datti ya so. Ya ga kansa yana shiga da farar shaddar nan, ana buɗa masa hanya, ya zauna kusa da liman ya sauke kayan da ya ɗauko shekara tara. Kalma ɗaya zai ce a yi masa haka, don ba wanda zai musa masa a gidan. Sai kuma ya ga tsofaffin Gumel zube a tabarma tun hantsi, da hanyar da za su koma cikin duhu. Ya ga Mashkura a ɗaki da lalle a hannu, wata ta leƙo ta ce an ɗaga. Ya san unguwa. Auren da aka ɗaga a ranarsa, ba wanda zai tsaya jin labarin tsuntsu, kowa da abin da zai ƙulla, kuma yarinyar maganar za ta bi har gidan miji. Yayansa cewa ya yi ya bayar da ita. Bai ce ya tsare ta a ƙofa har sai ya gama gyara hula ba.

"Kar a ɗaga."

"To wa zai bayar?"

"Kai."

"Yaya, ban ji ba, masu tabarmi suna surutu."

"Ka ji sarai. Kar ka sa in faɗa sau biyu, ɗayan ma da ƙyar ta fito."

Ya yi Juma'a a masallacin filin jirgi cikin direbobin tasi da masu shara da 'yan dako. Da aka idar ya samu dakali a gindin wata bishiya ya zauna, wayar a tafin hannu. Biyu da 'yan mintuna ta yi ƙara. Ɗangoggo ya ce liman yana son shaidu su ji daga bakinsa, zai kara wayar a lasifika. Alhaji Datti ya ji ƙugin lasifikar, ya ji tarin mutane, har ya ji numfashin kansa yana dawo masa daga Gwammaja.

"Alhaji Datti, jama'a na jinka," in ji liman.

Ya yi sallama. Ya ce shi ne Datti, waliyyin Mashkura, kuma ya wakilta ƙanensa Malam Abdulmajeed, wanda suka sani da Ɗangoggo, ya bayar da aurenta a madadinsa, duk abin da ya zartar shi ya zartar. Rabonsa da kiran sunan nan na yanka tun suna makarantar allo.

"Mun ji, mun shaida," in ji liman. "An ce tsuntsu ne ya tsare ka. Allah ya kiyaye gaba."

Da ya ce amin da an wuce wurin. Mutum ɗari uku sun riga sun yafe masa.

"Malam, tsuntsu ya tsare ni zuwa ƙarfe takwas. Daga nan kuma ni na tsare kaina."

Dariya ta tashi a Gwammaja, ta biyo waya ta same shi a gindin bishiya. Liman ya tsawatar, aka yi shiru. Wakilin ango ya nema, sau uku. Sai ga muryar Ɗangoggo, a natse, ba gaggawa ba in-ina, ya ambaci sunan yarinyar da na mahaifinta, ya ce ya bayar. Ko harafi bai kuskure ba. Alhaji Datti ya kasa kunne yana neman inda zai gyara masa, bai samu ba.

Liman ya ce Fatiha. Alhaji Datti ya ɗora wayar a gwiwa ya ɗaga hannu biyu. Direbobin da ke zaune a ɗaya gefen dakalin suka ga tsoho ya ɗaga hannu, su ma suka ɗaga. Wani mai shara ya jingine tsintsiya ya ɗaga, mai tallan dabino ya sauke farantinsa ya ɗaga. Aka yi ta addu'a daga Kano, su suna amin daga nan, ba wanda ya san ta mece ce. Hawaye ya gangaro masa ya shiga gemu, ya diga a kan aikin shaddar, bai share ba.

Da aka shafa, wani direba ya matso a hankali.

"Baba, Allah ya ji ƙai. Wa aka rasa?"

"Aure ne, ɗan nan. 'Yata aka ɗaura wa aure."

Direban ya dubi 'yan uwansa, ya sake duban tsohon. "Kai, Baba, ka tsorata mu! To Allah ya sa albarka. Ina goronmu?"

"Goron yana Kano," in ji Alhaji Datti. Ya share fuska da hannun riga, ya yafito mai dabino.